Neman tsofaffin kuɗi da kayan ado a bakin ruwa

Neman tsofaffin kuɗi da kayan ado a bakin ruwa aiki ne na bin gaɓar teku ko ta kogi ko ta tafki ana laluben tsabar kuɗi, zobba, sarƙoƙi, 'yan kunne da sauran kayan ƙarfe da suka ɓace wa masu su ko aka binne tun da daɗewa. A zamanin nan ana yin sa ne da na'urar gano ƙarfe. A ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa mutane da yawa sun ɗauke shi abin sha'awa, kuma sun fi fita a lokacin hunturu, domin a lokacin ne igiyar teku ke kwashe yashin gaɓa ta bar abubuwa masu nauyi kusa da sama. Ƙasar Hausa ba ta da teku, amma tana da kwaruruwan koguna da ke cika da damina su janye da sanyi. Mafi girma a cikinsu a Jihar Jigawa shi ne kwarin Kogin Haɗejiya, inda ruwa ke tone wani wuri ya binne wani kowace shekara. A ko'ina aka yi wannan aiki, tambayoyi biyu ne ke biye da shi: wane ne mai abin da aka samu, kuma me aka ɓata wajen tono shi.

Tarihin na'urar

A shekarar 1881 Alexander Graham Bell ya haɗa wata na'ura domin gano harsashin da ya maƙale a jikin shugaban Amurka James Garfield bayan an harbe shi. Na'urar ba ta nuna wurin harsashin ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan da aka bayar shi ne ƙarafan da ke cikin gadon da shugaban ke kwance. A shekarun 1930 Gerhard Fisher, wani injiniya Bajamushe da ya koma Amurka, ya fara ƙera na'urar da mutum zai iya ɗauka ya yi yawo da ita. A 1941 wani hafsan sojan Poland mai suna Józef Kosacki ya ƙirƙiro na'urar gano nakiyoyin da aka binne, sojojin Birtaniya suka yi amfani da ita a yaƙin El Alamein da ke Masar a 1942. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an sayar wa farar hula ragowar irin waɗannan na'urori. Daga shekarun 1960 aka fara samun marasa nauyi masu aiki da ƙaramin batir, daga nan neman ƙarfe ya bazu a matsayin abin nishaɗi. Cikin kamfanonin da suka yi suna a wannan fanni akwai Garrett na Amurka, Minelab na Ostireliya, XP na Faransa da Nokta na Turkiyya.

Yadda take aiki

Na'urar sanda ce mai faifai a ƙasanta. A cikin faifan akwai wayar tagulla da aka naɗe. Idan lantarki ya bi ta cikin wayar, sai ƙarfin maganaɗisu ya shiga cikin ƙasa. Duk ƙarfen da ya gamu da wannan ƙarfi yakan mayar da martani, faifan ya ji, na'urar ta yi ƙara a kunnen mai nema. Kowane ƙarfe da irin martaninsa, shi ya sa na'urori da yawa ke iya bambanta baƙin ƙarfe da azurfa ko tagulla. Zinariya ce mai wahala, domin ƙaramin zoben zinariya yakan ba da alama irin ta marfin gwangwani ko guntun sanholo. Saboda haka mai neman zobe sai ya haƙura da tono tarkace mai yawa.

Nau'i biyu ne suka fi yawa. Na farko, wanda ake kira VLF, ya fi iya tantance nau'in ƙarfe, amma jiƙaƙƙen yashi mai gishiri yana rikita shi. Na biyu, wanda ake kira PI, yana aika bugun lantarki ɗaya bayan ɗaya; ba ya damuwa da gishiri ko ƙasa mai sinadarin ƙarfe, yana kuma kai wa zurfi, sai dai bai iya tantancewa sosai ba. Tsabar kuɗi guda ɗaya ba a cika jin ta ba idan ta wuce zurfin santimita 20 zuwa 30. Babban abu kamar tukunya cike da tsaba ana iya jin sa daga zurfin da ya fi haka. Na'urar ba ta jin abin da ba ƙarfe ba: wuri, tsakiya, murjani, ƙashi da kasko duk ba ta san da zamansu ba.

Dalilin zaɓen lokacin hunturu

A gaɓar teku yashi ba ya zama wuri ɗaya. Da bazarar Turai igiyar ruwa tana da taushi, tana turo yashi gaɓa har ya yi tudu. A wannan lokaci ne kuma mutane ke cika bakin teku, kuɗi na zubewa daga aljihu, zobba na suɓucewa saboda ruwan sanyi yana sa yatsa ya ɗan tsuke. Abin da ya faɗi yakan nutse a hankali, domin ya fi yashi nauyi nesa ba kusa ba: zinariya ta ninka nauyin ruwa sau 19.3, azurfa sau 10.5, tagulla kusan sau 9, alhali ƙwayar yashi sau 2.65 kawai. Yana ta nutsewa har ya isa laka mai tauri ko tsakuwa ya tsaya.

Da hunturu ya shigo, guguwa na tayar da manyan igiyoyi su kwashe yashin sama su kai shi cikin teku. Gaɓa sai ta yi ƙasa, wani lokaci ta yanke kamar matakala. Abubuwan da suka yi shekaru a zurfin da na'ura ba ta kai wa sai su dawo kusa. Masu nema kan fita bayan guguwa, lokacin da ruwan teku ya ja baya sosai, su bi inda suka ga tsakuwa ko baƙin yashi ya bayyana, saboda abubuwa masu nauyi kan taru wuri guda. Damar ba ta daɗewa. Cikin kwanaki kaɗan yashi na iya dawowa ya rufe.

Sanannen misali shi ne gaɓar gabashin jihar Florida a Amurka. A ƙarshen watan Yulin 1715 guguwa ta nutsar da jiragen ruwa 11 na Sifaniya da suka taso daga Havana ɗauke da azurfa da zinariya. Bayan fiye da shekaru 200 wani magini mai suna Kip Wagner ya riƙa tsintar kuɗin azurfa a gaɓar bayan guguwa, sannan ya yi amfani da tsohuwar na'urar sojoji ya bi sawunsu. Har yau ana samun kuɗin wannan ayari a wurin idan teku ta yi fushi.

Kwarin Kogin Haɗejiya

Kogin Haɗejiya ya samu ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa. Yana bi ta Wudil da Ringim ya isa Haɗejiya, daga nan ya rarrabu zuwa rassa irin su Marma da Burum Gana a cikin dausayin Haɗejiya da Nguru, kafin ruwansa ya haɗu da na Kogin Jama'are kusa da Gashuwa a samu Kogin Yobe mai gangarawa Tafkin Cadi. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, da jerin tsofaffin tuddan yashi, wato jigayi, waɗanda fadamu ke ratsawa a tsakaninsu. A kan tuddan ne akasarin garuruwa suka zauna.

Ruwa yakan kai ƙololuwa a watannin Agusta da Satumba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, yakan ja baya ya bar yashi da laka a fili. Wannan shi ne lokacin da ya yi daidai da hunturun bakin teku, sai dai aikin kogi daban yake. A cikin fadama ambaliya tana zubar da laka ne, saboda haka abin da ya faɗi a can ƙara nutsewa yake yi kowace shekara. Inda kogi ke tonewa shi ne bayan kwana, wurin da ruwa ke dukan gaɓa da ƙarfi yana zabtare ta. Idan irin wannan gaɓa ta kusanci kufai, wato wurin da aka taɓa zama aka tashi, zabtarewar kan fito da fasassun tukwane, toka, ƙasusuwa da abin da mazauna suka bari. Sauran wuraren da ake yawan asarar ƙananan kaya su ne mashigi, mashaya, wurin wanki da inda ake shiga kwale-kwale. Haka nan idan ambaliya ta rushe gidajen ƙasa, kamar yadda ta faru a ƙananan hukumomi irin su Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri a shekarun 2018, 2020 da 2022, kayan ɗaki kan watse cikin laka, kuma waɗannan suna da masu su a raye.

Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da aka kammala a 1992 sun sauya halin kogin. Ruwan da ake sakowa da rani ya sa wasu rassan ba sa ƙafewa, ciyawar kacala ta mamaye su ta toshe hanyoyin ruwa, ruwa kuma ya riƙa bin sabbin hanyoyi. Wuraren da a da suke bushewa da sanyi wasu yanzu suna ƙarƙashin ruwa, wasu kuma da ruwa ke rufewa sun zama tudu.

A wannan yanki an fi sanin na'urar gano ƙarfe a hannun masu tsaro a ƙofar masallaci ko banki ko wurin taro. Tsofaffin kaya kuwa bisa tsautsayi suke fitowa, a hannun manomi mai huɗa, ko mai haƙar rijiya, ko mai tonon ƙasar gini a kududdufi. Yankin yana da daɗaɗɗen tarihi: Garun Gabas, wanda ake dangantawa da Biram ta cikin Hausa Bakwai, da Auyo duk sun riga masarautar Fulani da aka kafa a farkon ƙarni na 19. Birnin Haɗejiya ya ga yaƙe-yaƙen zamanin Sarki Buhari a tsakiyar wannan ƙarni, da kuma yaƙin Afrilun 1906 inda sojojin Birtaniya suka kashe Sarki Muhammadu. A lokutan tsoro irin waɗannan mutane kan binne dukiyarsu cikin tukunya, kuma ba kowa ne ke dawowa ya tone ba.

Kuɗin da aka yi amfani da su

Kafin zuwan Turawa kuɗin ƙasar Hausa wuri ne, wanda ake kawowa tun daga tsibiran Maldib da ke Tekun Indiya. Kalmar kuɗi ita kanta jam'in wuri ce. Wuri 20,000 shi ake kira keso. Matafiyi Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Dalar da ta fi yawo ita ce ta Ostiriya mai hoton Sarauniya Maria Theresa, wadda ake bugawa da shekarar 1780 ko da yaushe aka buga ta. Nauyinta kusan giram 28 ne, kuma maƙeran fari kan narka ta su yi zobba da mundaye. A 1904 gwamnatin mulkin mallaka ta hana shigo da wuri, sannan daga 1907 aka fara buga tsaba masu huji a tsakiya da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Hukumar kuɗi ta Yammacin Afirka da aka kafa a 1912 ta fitar da tsabar azurfa a 1913, amma daga 1920 aka koma buga su da gaurayen tagulla. Sunayen da Hausawa suka ba waɗannan kuɗi su ne:

- anini: kashi ɗaya cikin goma na kwabo
- ɗari: rabin kwabo
- kwabo: kashi ɗaya cikin 12 na sule
- taro: kwabo 3
- sisi: kwabo 6
- sule: kwabo 12
- fataka ko dala: sule 2

Cinikin gyaɗa da layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda ya bi ta Malam Madori aka kuma kammala shi a 1930, sun ƙara yawan tsaba a kasuwannin ƙasar Haɗejiya. Babban Bankin Najeriya ya fitar da nasa kuɗin a 1959, sannan aka koma naira da kwabo ranar 1 ga Janairun 1973. An buga miliyoyin waɗannan tsaba, don haka darajarsu a kasuwa kaɗan ce, in ban da azurfar 1913 zuwa 1920 da dalar Ostiriya. Amfaninsu na gaske shi ne shekarar da ke jikinsu, wadda ke nuna cewa ƙasar da aka same su ciki ba ta rufu ba sai bayan wannan shekara.

Na'urar a hannun masu neman zinariya

A Sahel na'urar gano ƙarfe ta bazu ne ta hanyar neman ɗanyar zinariya. Abin ya fara ƙarfi a Sudan a ƙarshen shekarun 2000, ya bi ta Cadi, ya iso Jamhuriyar Nijar a watan Afrilun 2014 lokacin da aka samu zinariya a Jado da ke arewa maso gabashin jihar Agadas. Bayan 'yan watanni aka samu wata a Cibarakaten kusa da iyakar Aljeriya. Dubban mutane suka yi tururuwa can, har da Hausawan Nijar da na Najeriya, na'urorin kuma suka zama hajar kasuwa a Agadas. Gwamnatin Nijar ta rufe wurin haƙar Jado a 2017. Wannan neman ma'adini ne, ba na kayan da aka ƙera ba, amma na'urar ɗaya ce, kuma ba ta bambanta zinariyar cikin dutse da ta cikin kabari. A Najeriya dokar ma'adinai ta 2007 ta mallaka wa gwamnatin tarayya duk ma'adinan da ke cikin ƙasa.

Hukuncin abin da aka samu

Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, sun raba abin da aka samu gida-gida. Tsintuwa ita ce dukiyar da ta ɓace wa mai ita. Wanda ya ɗauka amana ce a hannunsa. Zai yi cigiya tsawon shekara guda a wuraren taruwar jama'a kamar ƙofar masallaci da kasuwa, ba tare da ya bayyana dukkan kamanninta ba, domin mai ita ne zai siffanta. Idan shekara ta cika ba a samu mai ita ba, yana iya ci gaba da ajiyewa, ko ya yi sadaka da ita, ko ya yi amfani da ita, amma duk ranar da mai ita ya bayyana sai ya biya. Abin da bai taka kara ya karya ba ba ya bukatar cigiya. Zoben da ya suɓuce a wurin wanki da akwatin da ambaliya ta ɗauko duk tsintuwa ne.

Rikazi kuwa shi ne dukiyar da mutanen da suka riga Musulunci suka binne. Ana fitar da humusi daga ciki, wato kashi ɗaya cikin biyar, sauran kuma na mai ƙasar ne idan tana da mai ita. Abin da alamu suka nuna Musulmi ne ya binne, hukuncinsa na tsintuwa ne. Abin da teku ta jefo wanda bai taɓa zama mallakar kowa ba, kamar ambar, na wanda ya samu ne ba tare da humusi ba.

A dokar Najeriya, Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, wadda doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa, ita ce ke kula da kayan tarihi. Dokar ta sanya kayan fasaha na gida da aka ƙera kafin 1918 cikin kayan tarihi. Ta hana tono domin neman su ba tare da izinin hukumar ba, ta wajabta wa wanda ya ci karo da su ya kai rahoto cikin kwana 7, ta kuma hana cinikinsu sai ta hannun wakilin da aka amince da shi, da fitar da su waje sai da takardar izini.

A Ingila da Wales dokar taska ta 1996 ta tanadi cewa duk abin da ba tsabar kuɗi ba wanda ya haura shekaru 300 kuma aƙalla kashi 10 cikin 100 na ƙarfensa zinariya ne ko azurfa, sai an kai rahotonsa cikin kwana 14. Idan gidan tarihi yana so, ana kimanta shi a biya mai samu da mai fili. Ta wannan hanya ce aka biya kusan fam miliyan 3.3 kan taskar Staffordshire da aka gano da na'ura a 2009. Tun 1997 akwai kuma tsarin da masu nema ke kai ƙananan abubuwan da suka samu a rubuta su bisa raɗin kansu.

Illa ga tarihi

Masu binciken kufai sun fi damuwa da wurin da abu yake kwance fiye da abin kansa. Zurfinsa, ƙasar da ke kewaye da shi, gawayi ko kasko ko ƙashin da ke gefensa, su ne ke faɗin shekarunsa da labarin masu shi. Wanda ya tono ƙarfe ya watsar da saura ya shafe wannan bayani, kuma ba a iya mayar da shi.

Durbi Takusheyi da ke kusa da Mani a Jihar Katsina misali ne na abin da ake samu idan aka bi ƙa'ida. An tona wasu daga cikin tuddan kaburburan wurin a 1907, aka sake tona wasu a 1992. An ɗauke abin da ke ciki tare da ƙasarsa, daga baya aka kai birnin Mainz na Jamus aka buɗe a hankali. An samu mundayen tagulla da na hauren giwa, wuri, tsakiya, kayan adon zinariya da wani kwanon tagulla ƙirar Gabas ta Tsakiya. Haɗuwar waɗannan kaya a wuri ɗaya ita ce ta nuna cewa masu mulkin wannan yanki suna da hulɗar kasuwanci da ƙasashe masu nisa ɗaruruwan shekaru kafin jihadi. Da mai na'ura ne ya riga zuwa, da zinariyar ta ƙare a wutar maƙeri, wuri da hauren giwa kuma su watse. Akasin haka ne ya faru a yankin Nok, inda masu tonon sata suka lalata kufai masu yawa a shekarun 1990 domin sayar da mutum-mutumin yumɓu a ƙasashen waje.

Saboda haka ana bambanta gaɓar da ruwa ke juya yashinta kullum, inda abu ya riga ya bar mazauninsa na asali, da kufai ko maƙabarta ko ganuwa, inda komai ke nan yadda aka bar shi. A wuri na farko illar ɗauka kaɗan ce, muddin an rubuta inda aka samu. A na biyu abin da ya dace shi ne a bar shi a inda yake, a ɗauki hoto, a sanar da mai unguwa ko dagaci da ƙaramar hukuma, su kuma su sanar da gidan tarihi mafi kusa, kamar Gidan Makama da ke Kano.

Haɗari

A gaɓar Turai masu nema kan ci karo da harsasai da bama-baman yaƙin duniya da ba su fashe ba, sannan hawan ruwan teku na iya ritsa mutum. A bakin kogi babban haɗari shi ne zabtarewar gaɓar da ruwa ya ci ƙasanta, da laka mai riƙe ƙafa, da macizai a cikin kacala, da cutar tsargiya da ake ɗauka a ruwan da ba ya gudu. A yankunan arewa maso gabashin Najeriya da aka yi rikici akwai abubuwan fashewa da aka binne, don haka duk ƙarfen da ba a gane shi ba ba a taɓa shi, jami'an tsaro ake sanarwa.

Duba kuma

- Kogin Haɗejiya
- Dausayin Haɗejiya da Nguru
- Masarautar Haɗejiya
- Wuri
- Durbi Takusheyi
- Tsintuwa a fiƙihun Musulunci